Hoyt Tidwell Bai Sa Hannu Ba

Ƙafar wandonsa ce ta sarƙe a waya mai ƙaya, shi kuma ya kifa ta wancan gefen, kai a ƙasa, ƙafa ɗaya a sama, kamar kazar da aka rataye za a fige. A haka maƙwabciyarsa Ozella Mabry ta tarar da shi, wajen ƙarfe goma na safe, a bakin gandun dajin gwamnati. Kwalbar da ya zubo furanni a ciki ta gangara gefe, ruwan ya tsiyaye.

"Mista Hoyt, mutuwa ka yi ko hutawa kake?"

"Hutawa nake," ya amsa daga ƙasa. "Wa ya aiko ki?"

"Kajinka. Tun wayewar gari suke ƙorafi ba a buɗe su ba. Na leƙa ban ga motarka ba, na ce to, tsohon nan ya tafi satar shiga."

"Mutum ba ya satar shiga gonar ubansa."

Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan almakashin da take yanke zare da shi, ta tura hannu tsakanin wayoyin ta datse bakin wandon. Ƙafar ta faɗo tim. Ƙyallen ya zauna a jikin ƙayar. Sai da ta jawo shi ta ƙarƙashin wayar, ta kama shi za ta ɗaga, sannan ta ji abin da ya tsorata ta. Mutumin da a da yake saɓa buhun taki biyu a kafaɗa, yau bai fi kwandon wanki nauyi ba.

"Ga ƙofa can, taku ɗari biyu," ta ce tana haki. "Mabuɗin kuma yana aljihun ɗana Wendell. Baki kawai za ka buɗe."

"Ba na neman izinin Washington in gai da matata."

Ranar dai bai kai ga matar ba. Tudun na can sama, ƙafafun sun ce ba da su ba. Ta tattara furannin, ta tattara shi, ta zuba su a motarta.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane abin da ya kai tsoho ɗan shekara saba'in da bakwai ga hawa waya. Kwarin da ke bayan garin Harlow, a arewacin Alabama, da can gonaki ne, kuma ta gidan Tidwell ce babba. A shekarar 1962 gwamnatin tarayya ta datse kogin. Ruwa ya shanye kwarin, da gidaje, da coci biyu. Tuddan da ke kewaye aka mai da su gandun daji, aka zagaye da waya. Aka kwashe mutane zuwa bakin titi, farare da baƙaƙe, duk inda aka sami fili. Haka Hoyt, farar fata, ya wayi gari ƙofarsa na kallon ƙofar Ozella, baƙar fata, wadda kakarta ta yi wa kakansa girki, uwarta kuma ta yi wa uwarsa wanki.

Abu ɗaya ne ruwan bai kai gare shi ba, makabartar da ke kan tudu. Ita ma ta faɗa cikin gandun, aka yi wa hanyarta ƙofar ƙarfe aka maƙala kwaɗo. Sau ɗaya ake buɗewa a shekara, Lahadi ta biyu a watan Mayu, ranar gyaran kaburbura, kuma duk mai shiga sai ya rubuta sunansa a littafi. In binnewa ce, sai an cika takarda an kai ofis.

Shekara talatin da shida Hoyt bai rubuta sunansa a littafin nan ba. Matarsa Velma, da ta ga ciwonta ba na tashi ba ne, ta faki idonsa ta cika tata takardar, Ozella ce ma ta kai ta ofis a mota. Kwana uku ya yi bai yi wa matar magana ba, tana kwance tana ƙarewa, abin kuwa ya ci shi har ƙarshen ransa. Tun da aka binne ta, kowace Asabar yakan ajiye akori-kurarsa a bakin daji, ya haura ta jikin turke ɗaya, ya hau tudun. Shekara takwas. Ɗansu guda, Dale, gwamnatin dai ce ta kira shi yaƙi a wata ƙasa mai nisa, bai dawo ba, aka aiko musu da tuta a naɗe. Daga nan ba shi da kowa, in ka ɗebe kaji goma sha ɗaya da matar da ke ƙetaren titi.

Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ruwa ya fara taruwa a huhu. Makonni ne, in an yi sa'a. Hoyt ya ce shi ba zai mutu a gadon asibitin da ake murɗa masa kai da ƙafa ba, a mai da shi gida. Aka mai da shi. Ozella ta shiga ƙetara titi sau uku a rana da kwano a rufe da tawul, yau wake da burodin masara, gobe romon kaza, kullum da yankakken tumatir da shayi mai ƙanƙara. Ita ma fa shekara sittin da bakwai ce a kanta, ga ciwon gwiwa. Amma an ce zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar na ɗingishi.

Da la'asar takan zaunar da shi a kujerar lilo a baranda, ta rufe masa gwiwa da bargo duk da zafin, ita kuma ta zauna tana ɓare wake. Daga nan ana hango tudun, shuɗi-shuɗi, can bayan ruwa.

"Kin ji a rediyo?" ya ce wata la'asar. "Yanzu har yawan ruwan da mutum zai kora bayan gida da shi, su ne za su faɗa. Mutumin da bai taɓa taka Alabama ba, yana zaune a ofis yana auna mini ruwan masai."

"Ci burodinka."

"Kakana yana ɗan shekara goma sha bakwai ya ɗauki bindiga a yaƙin basasa, don kada wani daga jihohin Arewa ya zo ya gaya wa jiha yadda za ta yi da gidanta."

"Na san abin da ke cikin gidan da ba a so a taɓa, Mista Hoyt. Uwar kakata baiwa ce, tana cikin kayan. An rubuta ta a littafi, tsakanin alfadari da keken shanu."

"Ba wannan nake magana ba."

"Kullum ba wannan kake magana ba."

"Maganar iko nake. Ƙasar Alabama ta 'yan Alabama ce."

"Ni 'yar ina ce? Sau huɗu na hau matakalar kotun Harlow in yi rajistar zaɓe, sau huɗu jihar taka ta ce ban iya karatu ba, ni da nake koya wa yara karatu a coci. Sai da wani siririn mutum mai tabarau ya zo daga Washington ɗin nan naka ya kafa tebur a gidan waya. Ina da shekara talatin da huɗu. Ban taɓa ganin takardar da ta yi mini kyau kamar wannan ba."

"Sun ba ki ƙuri'a, sun cinye kwari. Ɗakin uwarki ma yana ƙarƙashin ruwan can."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Gaskiya ya faɗa. Har yau takan yi mafarkin itacen ɓauren da ke ƙofar ɗakin, kifaye na bi ta cikin rassansa.

"Yana ƙarƙashi," ta ce. "Ai ban ce waliyyai ba ne."

Shekara talatin suna wannan gardama, kowa ya haddace nasa baiti kamar waƙar coci. A da har murya takan tashi, Velma ta fito da tsintsiya ta ce su tafi bakin titi su ƙarasa. Yanzu kuwa ba mai ƙarfin. Shi numfashi ba ya kai shi ƙarshen magana, ita kuma ta gaji da cin nasarar da ba ta canja komai.

Ana cikin haka koriyar motar gandun daji ta tsaya a ƙofar gida. Wendell ya fito, dogon mutum mai shekara arba'in da uku, furfura ta fara taɓa masa gefen kai, sanye da kakin aiki. Ya cire hula tun daga matakala.

"Ga sojan mamaya ya iso," in ji Hoyt. "Ozella, ɓoye cokulan azurfa da kaji."

"Barka da yamma, Mista Hoyt. Ya jikin?"

"Yana nan, Janar. Bai nemi izininku ba tukuna."

Wendell ya yi murmushi. Tun yana ɗan shekara goma mutumin nan ya koya masa ɗaura ƙugiyar kamun kifi, ya kuma yi wata shida bai amsa gaisuwarsa ba lokacin da ya karɓi aikin gandun. Ya zauna a bakin baranda ya ciro takarda daga aljihun gaba.

"Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Takardar nan ba a ofishina take ƙarewa ba, sai ta je babban ofis ta dawo, kwana biyar ko shida. In abin ya zo babu ita, masu jana'iza ba za su jira ba. Makabartar gari za su kai ka, can bakin babban titi, bayan shagon taya. Layi biyu ne kawai, suna da sa hannu."

"Karanta mini farkonta."

"Mista Hoyt..."

"Karanta."

Wendell ya sauke ajiyar zuciya. "Ni mai suna a ƙasa, ina neman izini..."

"Tsaya nan. Ya isa." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Kakana ne ya sare dajin tudun nan da gatari. Ubana na can, uwata na can. Yanzu in ɗaga hannu kamar ɗan makaranta in ce, ranka ya daɗe, a ba ni izini in kwanta? Su kai ni bayan shagon taya. Velma ta san halina."

Ya faɗa da ƙarfi, amma Ozella ta ga idonsa bai bar tudun ba. Wendell ya ajiye takardar a kan ɗan teburin, ya danne ta da kwalbar magani.

Ta raka ɗanta bakin mota da kwanukan da aka ci abinci.

"Mama," ya ce a hankali, "takardar cewa ta yi shi, ko ɗan'uwansa na jini, zai iya sa hannu."

"Ba shi da kowa."

"Mama."

"Na ce ba shi da kowa. Riƙe kwanon nan."

To, ga abin da Wendell ke nufi, kuma babu tsoho a Harlow, fari ko baƙi, da bai san shi ba. Kakan Hoyt, tsoho Ransom Tidwell, bayan matarsa ta mutu, mai girkin gidan, Dicey, ta haifi 'ya mace. Ba a tambayi Dicey ko tana so ba, a zamanin ba a tambaya. 'Yar ita ce Pearlie, uwar Ozella. Ta fito da manyan kunnuwan gidan Tidwell da ramin nan na haɓa, kamar an buga mata hatimi. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Shekara arba'in Pearlie na shiga gidan ubanta ta ƙofar baya da ƙunshin wanki a ka. Da ta mutu aka binne ta a tudun, amma a gangare, wajen ɗan shingen ƙarfen da ya kewaye fararen, inda ake sa baƙaƙe tun zamanin bauta.

"Sa hannu ɗaya ne, Mama. Ba sai ya sani ba."

"Ni zan sani. Ba na shiga dangin da ba a kira ni ba, Wendell. In kai masa wake, in wanke masa zanen gado, wannan don Allah ne da Velma. Amma in lallaɓa ta ƙofar baya in rubuta kaina 'yar'uwarsa? Uwata ta gama mana shiga ta ƙofar baya."

Ranar Lahadin gyaran kaburbura ta zo. Aka buɗe ƙofar, motoci suka jeru, Ozella ta rubuta sunanta a littafin da manyan baƙaƙe kamar yadda take yi kowace shekara. Aka nome ciyawa, aka share ganye, aka tara sabuwar ƙasa a kan kaburburan da suka lotsa, aka jera furanni. Ƙarƙashin itatuwa mata suka shimfiɗa abinci a kan dogayen alluna. Da ta gama da na uwarta da na mijinta, sai ta ɗauki fartanyarta ta haura, ta shiga cikin shingen ƙarfen. Dutsen kabarin Velma irin mai faɗin nan ne na mata da miji. Gefe ɗaya an cika shi. Ɗaya gefen an sassaƙa sunan Hoyt da shekarar haihuwarsa, sauran wurin fili.

Ta koma masa da cinyar kaza da yankan kek a faranti. Ya kalli abincin ya kau da kai.

"Ciyawa ta rufe ta?"

"Na nome."

"Kin sa mata jajaye? Ba ta son rawaya."

"Jajaye na sa. Shekara nawa na san Velma?" Ta zauna ta cire takalmi, tana murza gwiwa. "Sunanka na can a tsaye gefenta, kamar mai jiran motar da ba za ta zo ba. Shekara ɗari nan gaba mutane za su wuce su ce, wannan Hoyt ɗin har yanzu bai mutu ba?"

Ta yi zaton zai mayar mata da baƙar magana. Sai ya juya fuska bango.

Daga ranar bai sake fita baranda ba. Aka jawo gadonsa kusa da taga. Ƙafafunsa suka kumbura, barci ya yi yawa, magana ta ragu. Ozella ta daina ambaton takardar. A ranta ta riga ta ga motar gawa na tsayawa bayan shagon taya, manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa, ta ce to, shi ya so.

Ranar Talata bayan azahar, tana goge masa fuska da tsumma mai sanyi, ya buɗe ido.

"Kira mini Janar."

Wendell ya zo da ƙurar daji a takalmi. Ya ɗauko takardar daga ƙarƙashin kwalbar magani, ya shimfiɗa ta a kan Littafi Mai Tsarki don ta sami tauri, ya sa wa tsohon biro a hannu. Ozella ta ce a ranta, Ubangiji na gode, dutse ya tsage.

Hoyt ya dubi biron. Sai ya miƙa shi gefe, wajenta.

"Ba ni ba. Uwarka za ta sa."

Fanka na juyawa tana ƙara.

"Takardar ta ce ko ɗan'uwa na jini, ko ba haka ba? Na karanta bayan kun fita, har ƙananan rubutun. Mugun mutum a ƙananan rubutu yake ɓuya."

Ozella ba ta karɓi biron ba. Ta ninke tsumman, ta sake ninkewa.

"Ni wace ce taka da zan sa maka hannu?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Ni maƙwabciya ce mai kawo wake. Ga ma'aikacin gwamnati a tsaye, ba ya aiki da kin-sani. Faɗa masa."

"Ozella, ba ni da numfashi."

"Kana da na zagin Washington."

Hannunsa na nan a miƙe da biron. Ya dubi rufi, ya dubi taga. Ƙirjinsa na hawa yana sauka kamar mai hawan tudu. Wendell ya buɗe baki zai sa magana, uwar ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Pearlie," in ji Hoyt, ya tsaya. "Pearlie ƙanwar ubana ce. Ubansu ɗaya. Gwaggona ce. Ina ɗan shekara tara na tambaya a kan tebur, me ya sa kunnen mai wanki irin namu ne. Ubana ya mare ni har na faɗo daga kujera. Ban sake tambaya ba."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Ranar da aka binne ta ina bayan waya a tsaye, ina jin waƙarku. Na ce wa kaina saboda littafin nan ne ban shiga ba." Ya girgiza kai a kan matashi. "Ba saboda littafin ba ne."

Ozella ta sha ƙiyasta wannan rana a ranta, tana wanke-wanke, tana tuƙi, tana zaune a coci. Ta ɗauka in ta zo za ta yi kuka, ko ta zazzage masa abin da ta tara tun tana yarinya. Da ta zo, ba ta ji komai ba sai gajiya, da gwiwarta ta hagu da ke zugi. Maganar ta zo, amma wadda ya kamata ta ji ta tana gangaren tudu shekara ashirin da biyu.

"Da ka faɗa mata tana da kunnen ji," ta ce.

"Da na faɗa."

Ta laluba jakarta ta ciro tabarau. Ta karɓi biron. Ta rubuta sunansa, ta rubuta nata, a hankali, harafi bayan harafi, yadda ta rubuta shi a gidan waya a gaban siririn mutumin nan. Da ta zo layin da aka tambayi dangantaka da mai kabari, ta ɗan tsaya. Sannan ta rubuta: 'yar gwaggonsa. Ta sa hannu ta miƙa wa ɗanta.

Hoyt ya bi takardar da ido har ta shige aljihun kaki.

"Ni dai ban sa hannu ba."

"Ba ka sa ba."

"Ka gaya musu, Janar. Ka ce Hoyt Tidwell bai roƙe su ba."

"Zan gaya musu, Kawu."

Tsohon ya lumshe ido. "Kada ka wuce gona da iri."

Ozella ta tallafo kansa ta kai masa kofi baki. "Sha ruwanka, Hoyt," ta ce. Wendell ya dubi uwarsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin ta kira sunan nan babu Mista ba.

Takardar ta dawo ranar Litinin da jan hatimi a ƙasanta. Ta nuna masa, ya ce ta kau da ita daga gabansa, ba ya son warin ofis. Amma ya ce ta buɗe labulen sosai. Ranar Laraba da hantsi tana zaune gefen gadon tana ɓare wake a cikin roba, tana ba shi labarin wata kaza da ta koma ƙwai a cikin tsohon takalminsa. Ta yi nisa a labarin kafin ta lura ba ta jin komai a ɗakin sai ƙarar waken da ke faɗawa roba. Ta ajiye robar a ƙasa. Ta shafe masa ido, ta gyara masa bargo, ta kashe fanka. Ta ɗan zauna tukuna kafin ta tafi wajen wayar tarho.

Ranar Juma'a Wendell ya buɗe ƙofar ƙarfen da kansa, ya tsaya gefe hula a ƙirji har motar gawa ta wuce. Mutanen ba su kai ashirin ba, tsofaffin cocinsa ne da faston, sai matan cocin Ozella su huɗu da suka zo don ita. Masu jana'iza sun kafa 'yar rumfa a bakin ramin, sun jera kujeru shida na dangi kamar yadda aka saba, ko da sun san ba mai zama. Kowa ya tsaya a baya cikin rana.

Ozella ta ratsa ta tsakaninsu da sandarta, ta shiga cikin shingen, ta zauna a kujerar farko ta ɗora jaka a cinya. Mai jana'izar ya sunkuyo da ladabi.

"Mis Ozella, ki yi haƙuri, waɗannan na dangi ne."

"Na sani, ɗana."

Ya dubi faston. Faston ya dubi tsofaffin. Wani cikinsu, mai shekara kusan casa'in, ya dubi kunnuwanta, ya dubi ƙasa, ya ce a fara waƙa.

Da aka watse, Wendell ya rufe ƙofar ya danna kwaɗon, ya ɗauki uwarsa a koriyar motar. Ba su yi nisa ba ta ce ya tsaya. Ta sauke gilashi. Ga turken nan, wayar sama ta ɗan lotsa inda hannu ya saba dannawa. Sai yau ta lura da wasu duwatsu masu faɗi a gindin turken, ta ciki da ta waje, an daidaita su kamar matakala.

"Wa ya sa duwatsun can?"

Wendell ya kama sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. "Shekara shida ke nan. Na ga ƙafar ta fara gaza shi."

"Ya sani?"

"Ya ɗauka ruwan sama ne ya gangaro da su." Ya share fuska da tafin hannu. "Gobe zan zo in ja wayar ta miƙe."

"Bar ta tukuna."

Ya kashe motar. Can ƙasa ruwan na kwance shar a kan kwarin, ko motsi ba ya yi. A jikin ƙayar, ɗan ƙyallen wandon na nan inda almakashi ya bar shi, rana ta fara koɗar da shi, iska na ɗaga shi tana saukewa.